Zanen Inna a Misfala

Bayan mun sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da abokan tafiyata na Umra. A ƙasan jakata akwai zanen saƙi na mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, rinin baba, bugaggen da har yanzu yake sheƙi. Yayata ce ta aiko a kai mata shi. Tana ƙarama gwaggonmu ta tafi da ita hajji ta Chadi da Sudan, ba ta sake ganin Inna ba.

Daga Jidda muka shiga mota. Direban ya tsuga mana kuɗi, da na yi masa Larabcin littafi sai ya yi dariya, ya ce na yi kama da mai huɗuba, amma bai rage ko kwabo ba. Muka sauke Umra lafiya, alhamdu lillahi. Kashegari na gangara unguwar Misfala, inda Yaya take zaune, a ƙafa, ta cikin masu sayar da tasbaha da ƙamshin gurasar tamis.

Na tarar Yaya tana barci, jiki ya yi rauni, idanu sun tafi. A kan kanta 'yan tsana ne jere, na icce, irin waɗanda matafiya a da can suke sassaƙa wa 'ya'yansu a zango. Ita take yin su da 'yar wuƙa, ta goga musu man zaitun har su yi duhu kamar tsofaffi, ta ɗaura musu ƙyallen tsohon saƙi ko barage. Ba ta yi musu fuska. Ɗaya ce kawai tsirara. Jikarta, haifaffiyar Makka, ta ce wannan Inna ce, zanenta take jira. Na damƙa wa yarinyar zanen, na koma masauki.

Kashegari da hantsi na dawo. Jikar ta tare ni da fara'a.

"Ya Sidi, zanen nan yana ɓata hannu. Na sa shi a injin wanki, ya zama nadif, ya fita tas!"

Na ga shi a shanye, sheƙin ya tafi, shuɗin ya koɗe, sai ƙamshin sabulun kanti. Na yi istirja'i a zuci. Yarinyar girmamawa ta nufa, babu wanda ya taɓa gaya mata ba a wanke bugaggen zane.

Yaya ta riƙe fuskata da hannu biyu. "Auta, har da gemu? To Malam, aikin nan nawa ya halatta?"

Na ce malamai sun yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, balle marar fuska.

"Ai ni ma yarinya ce," in ji ta. "Ba ni zanen."

Ta kai shi hancinta, ta daɗe. Ta juya ɗaya gefen, ta sake shaƙa. Ta ce fuskar Inna ta ɓace mata tuntuni, ƙamshin baban rini na jikinta kaɗai ta riƙe, shi take so ta ji. Sannan ta rage murya: "Kada ka gaya wa yarinyar."

Ta sa aka miƙo almakashi, ta yanki gefe. Amma ta manta yadda Inna take ɗauri. Ni na tuna. Da yatsun da ba su saba da komai ba sai alƙalami na ɗaura wa iccen zane, na soke bakinsa ta hagu. Ta shafa, ta shafa, ta ɗora ta a cinya.

Mun sauka Kano lafiya. Na yi shekaru ina karantar da babin sada zumunci, ina ajiye zanen nan a akwati ina jiran lokacin da ya dace. Wanda yake da ɗan'uwa a nesa ya kai masa abinsa da hannunsa, tun yana iya gani. Ina roƙon ku sa Yaya a addu'a.