Oga Ndagi da falwayar Gwada

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin keke zan shiga Bosso aka kira ni, wai Oga Ndagi ya rasu. Ciwon ƙirji ne, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.



Shi ya koya mini aikin lantarki. Mutumin Bida ne, ga tsokana. Kullum sai ya ce in zo mu ci, alhali ya san ƙosan nasa ko shi kaɗai ba zai ishe shi ba.

Duk rayuwarsa a kan aresta ta ƙare, wannan abin mai kama da jerin farantan tangaran da ake ɗaurawa kusa da taransifoma don ya kai wutar tsawa ƙasa. Ya sha nuna mana a wurin gwaji cewa iska ita kaɗai tana iya tare wuta. Amma in jikin tangaran ɗin ya tsage ko ya yi datti, da ya jiƙe sai wuta ta bi ta jikinsa, iskar da ke gefe ta kasa riƙe ta. Kafin ta ɓalle kuwa sai ka ji tana tsss, kamar an jefa albasa a mai.

Makon jiya ya raka ni Gwada gaida Mama, mahaifiyata, a inda take sayar da doya. Muna cikin gaisawa sai ya ɗaga kai yana kallon falwayar da ke bayan rumfarta.

"Bulus, ka ji abin da nake ji?"

Na kasa kunne. Tsss.

Ya durƙusa ya ce, "Mama, don Allah in kin ga hadari ki bar wurin nan. Zan kai rahoto, ranar Asabar zan zo da masu gyara da kaina."

Mama ta yi dariya, ta ce ita da falwayar nan tare suka tsufa. Ta ba shi doya, shi kuma ya hana ni ɗauka, ya rungumi abarsa har mota.

Tun da na ji labarin nan ƙarar ba ta bar kunnena ba. Na kashe fanka, na kashe firji, ina jin ta. Ina tsoro, gaskiya.

Ga hadari ya haɗo ta wajen Shiroro. Na kira Mama na roƙe ta ta kwashe kaya ta tafi gida. Ta ce, "Kai ma ka cika tsoro. Injiniya ai zai zo Asabar, na ajiye masa doya mai kyau."

Na kasa faɗa mata. Ina tasha yanzu, ni zan je in ɗaga rumfar.

Allah Ya jiƙan Oga Ndagi, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, don Allah ya sa shi a addu'a. Ku roƙa mini kuma in riga ruwan nan isa Gwada.