Dattijo Mai Kyanwa

Likitar dabbobi ba ta taɓa ganin dattijon nan ba sai yau, amma har ya ishe ta. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha guga, maɓallan kuwa a karkace. Yana rungume da tsohuwar kyanwa, yana katse likitar a kowace magana.

Ta ɗaga leɓen kyanwar, dasashi fari fat. "Baba, gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa, ɓargonta kuma ya daina yin sabo. Ƙoda ce ta gaza."

"Ai kullum ina ba ta hanta, 'yata."

"Hanta ba ta gyara ƙoda. Don Allah bari in ƙarasa!"

Tana kallon maɓallan, tana ayyana cewa babu mai duba shi kafin ya fito. Wataƙila kyanwar kaɗai ke tarbarsa a gida.

"Yau sai ƙarin jini, sannan mu fara jinyar ƙodar."

Ya ajiye kyanwar, ya naɗe hannun riga, ya miƙo damtse duk jijiyoyi. "Ɗebi nawa."

"Haba Baba! Jinin mutum kashe ta zai yi."

Bai janye hannun ba. "Auna tukuna, ko Allah zai sa ya dace."