Malam Abdulrauf, Yayana Ya Yarda Amma Ka Riga Ka Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 7 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Abdulrauf, mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti a Dapaong. Ya rasu a gidan mahaifinsa a Sokodé bayan 'yar gajeruwar jinya. Ina kasuwar shanu ta garinmu Gando labarin ya riske ni. Na bar ciniki a tsaye, kuma har yau zama wuri ɗaya ya gagare ni.

Malam, ni ne Huseini, wanda bijimi ya shura a gaba shekarun baya. Fitsari ya koma fita ɗis-ɗis, ina tsugune har ƙafa ta mutu. Na ɓoye wa iyalina, na sha jiƙo iri-iri. Da abin ya fi ƙarfina aka kai ni Dapaong, likita ya ce sai an yi abin da suke kira radiyo, a ga mafitsara da hanyar fitsari. Da na ji yadda ake yin sa, na ɗauki takalmana. A bakin ƙofa ka tare ni.

Ka ce, "Alhaji, tsoro ne ko kunya?"

Na ce kunya.

Ka ce, "To dawo. Ita na fi sanin maganinta."

Ka fitar da kowa daga ɗakin, ka rufa mini zane. Ba ka taɓa ni ba sai da ka gaya mini abin da zai biyo: siririyar roba, ruwan da zai cika mafitsara ya fito a hoto, sannan in yi fitsari a kishingiɗe ana ɗauka. Da fitsarin ya ƙi zuwa ba ka ƙosa ba. Ka buɗe famfo, ka kau da kai, kana tambayata yadda ake gane saniya mai ciki. Ina tsaka da bayani abin ya zo. A hoton nan likita ya ga inda hanyar ta tsuke. Aka yi mini aiki, na warke.

Tun daga nan, duk dattijon da na ga yana yawan zagayawa a kasuwa sai in ja shi gefe in ba shi sunanka. Mutum ɗaya ya gagare ni, yayana, wanda muke ciki ɗaya. Ya daɗe yana wahala, ya ce shi ba zai tuɓe wa sa'an ɗan cikinsa ba. Na yi roƙo, na yi fushi. A ƙarshen damina ya ce, "In mutumin nan naka ne, zan je." Na kira ka cikin murna, ka ce mu jira ka dawo daga gida, jikinka ba daɗi.

Da Yaya ya ji rasuwarka ya ce shi ke nan, Allah bai nufa ba. Duk da haka ya bi ni Sokodé gaisuwa. A can muka tarar da wata mata daga Kparatao tana kuka, tana ba matarka Salamata labarin yadda ka bar ta ta riƙe hannun ƙaramar 'yarta har aka gama hoto, kana yi wa yarinyar wasa da harshen Tem. Yaya ya saurara.

A hanyar komawa mun yi ta tsayar da mota saboda shi. A wata tsayawa ya daɗe a bayan bishiya, ya dawo gumi na zuba, ya ce, "Huseini, kada mu ratse Gando. Mu zarce Dapaong."

Wani matashi da ka koya wa aikin ne ya ɗauke shi hoton. An ga inda ya toshe, muna jiran ranar aiki. Ni kuwa ina ta kai da komo a barandar asibiti, ina zama ina tashi. Duk sa'ad da ƙofar ɗakinka ta motsa sai na ɗaga kai.

Ya Allah, Abdulrauf ya rufa wa bayinka asiri a ranar da ba su da mafaka, ka rufa masa nasa. Ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da salihai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya mahaifiyarsa, da Salamata, da 'ya'yansa Fayçal da Adiza, da abokan aikinsa na Dapaong. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari. Wanda ya karanta wannan, ya sa yayana a addu'a. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.