Sikelin Baba da Garin Alkama

Shekarar da likita ya gaya wa babanmu yana da ciwon suga, a shekarar ya ajiye tuƙin jirgin ruwa. Tun ina ƙarama aikinsa ke nan, ya ɗebi mutane da buhunan albasa da awaki daga bakin ruwan Yauri ya tsallaka da su ƙauyukan ƙetare, wani lokaci har wajen Wara. Da ƙafafunsa suka fara kumbura, sai yayana ya karɓi jirgin, Baba ya koma zaman gida. Zaman bai karɓe shi ba. Mutumin da muryarsa ke danne ƙarar inji sai ga shi yana wuni kan tabarma a gindin darbejiya, ko rediyo ba ya kunnawa.

Likita ya hana shi tuwon shinkafa, ya ce sai na alkama, shi ma da awo. Ina koyarwa a Birnin Kebbi lokacin, don haka da na zo dogon hutu na taho masa da ɗan sikelin girki mai batir, irin wanda lamba ke fitowa a fuskarsa. Niyyata Inna ta riƙa auna garin da shi. Amma tun da Baba ya ɗora hularsa a kai ya ga lamba ta motsa, sikelin bai sake shiga hannun Inna ba.

Ya auna carbinsa. Ya auna takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya gano na dama ya fi na hagu nauyi, ya kuwa ba wa kowa labari. Ya auna ludayi, da ƙwai, da bushasshen kifin da yayana ya kawo. Ya so ya auna kazar Inna mai wake-wake, ita ce dai ta ƙi ba da haɗin kai. Mu kam murna muke yi, don ya dawo yana magana.

Garin alkamar na leda ne, muna sayensa a wani sabon kanti da ke bakin babban titi a Yelwa, irin wanda kake ɗaukar kwando ka zaga ka zaɓi abin da kake so. A jikin ledar an rubuta kilo ɗaya ɓaro-ɓaro. Baba ya yi lissafinsa, ya ga idan ana bin awon likita, leda guda za ta kai shi daga Juma'a zuwa Juma'a. Sai dai kullum tuwon ƙarshe yakan zo masa ɗan mitsitsi, kamar na yaye.

Wata safiya ya kira Inna tana tsakiyar tankaɗe.

"Ke, zo ki gaya mini gaskiya. Mi kike yi da garin nan nawa?"

Inna ta ajiye rariya ta dube shi.

"Malam, shekara nawa ina tuƙa maka tuwo, sai yanzu da tsufana zan fara satar garin marasa lafiya? Rannan na zuba ma kaji ragowarka, ko kallonsa ba su yi ba."

"To ina yake zuwa?"

"Ka tambayi abokin naka, tun da shi kaɗai kake jin maganarsa."

Ya kuwa tambayi sikelin. Ya aike ni na sayo sabuwar leda, ya ɗora ta a rufe yadda take, ko kusurwarta ba a yanka ba. Lamba ta hau, ta hau, sai ta tsaya ba ta kai kilo ba. Abin da ya rage zai cika ludayin miya biyu. Ya sauke ya sake ɗorawa. Ya juya ledar ta kwanta rigingine. Lamba tana nan inda take.

Na zaci zai yi fushi da masu garin, ashe ransa ɓaci ya yi don yana ganin sikelinsa ne ya yi masa ƙarya. Ya ce mini, "Ɗiyata, ko dai sun sayar miki da mai ciwo?" Na ce ban sani ba, sai an gwada da wani. Muka yi ta tunanin inda za a sami sikelin da ba a shakkarsa. Na mahauta Baba ya ce bai yarda da shi ba tun yana saurayi. Inna ce, cikin zolaya, ta ce ai akwai na asibiti da ake awon jarirai.

Ba ta san ya ɗauki maganar da gaske ba sai da ta gan shi washegari ya sa babbar riga, ya rungumi ledar gari, ya ce in raka shi.

Ranar awo ce, benci cike da mata masu goyo. Baba bai yarda ya tsallake layi ba. Ya zauna a ƙarshen benci da ledarsa a kan cinya, matan suna satar kallonsa suna rufe baki da mayafi. Wata ta kasa haƙuri ta ce, "Baba, ina jaririn naka?" Ya ɗaga ledar ya nuna mata. Benci duka ya ɗauki dariya, har jariran da ke barci suka farka.

Da layi ya zo kansa, ya yi wa ma'aikaciyar jinyar bayani a natse. Mace ce mai fara'a. Ta shimfiɗa ɗan zane a kan sikelin kamar yadda take yi wa kowane yaro, ta daidaita shi, ta kwantar da ledar a hankali, ta duba.

"Baba, wannan yaro naka bai kai kilo ba. Sai a ƙara kula da shi."

A hanyar komawa gida Baba tafiya yake kamar ba shi ne mai ciwon ƙafa ba. An wanke sikelinsa. Da muka shiga gida ya tsaya a bakin madafa yana gyaran murya, can ya ce wa Inna, "Ashe ba ke ba ce." Inna ta ce, "Allah ya saka wa jariran Yauri da alheri da sunka fidda ni."

Saura mai kanti. Wata mata ce daga ƙasar Ngaski, Kirista, mijinta ya rasu ya bar mata 'yan kuɗin sallamarsa ta buɗe kantin da su. Baba ya san ta tun tana yarinya, don sau da yawa ya tsallaka da ita da mahaifiyarta zuwa cin kasuwa. Wannan ne ya sa maganar ta yi masa nauyi. Ya kwana biyu yana juya ta kafin ya saka sikelin a jakar leda ya ce mu je.

Ta tarbe shi da murna, ta jawo masa kujera. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗiyata, ba rigima ta kawo ni ba. Wani abu na gani, na ce bai kamata in gani ke ba ki gani ba." Ya ɗauko garin alkama daga kan kanta ya ɗora.

Fuskarta ta canja. Ta ce, "Baba, wallahi yadda aka kawo mini haka nake jerawa. Ko allura ban taɓa sa wa leda ba."

"Na sani. Da ina zarginki da ban zo da kaina ba."

Ta sake duba lambar. Sai ta miƙe ta kwaso suga, da shinkafar leda, da taliya, da wake, da gishiri, ta jibge a gabansa. Suka shiga awo, shi yana ɗorawa, ita tana karantawa. Wasu sun cika cif. Wasu sun gaza kaɗan. Wani garin masara kuwa, da ta ga inda lambarsa ta tsaya, sai da ta zauna. Masu sayayya suka ajiye kwandunansu suka kewaye mu, kowa yana miƙo abin da ya ɗauka a auna masa. Har azahar muna nan.

Ranar da dillalin da ke kawo mata kaya ya zo da motarsa, ta aika aka ɗauko Baba a babur. Mutumin ya ga awo da idonsa, ya ce shi ba shi ke ɗura gari a leda ba, daga kamfani yake ɗaukowa a rufe. Baba ya ce ya yarda, amma ya mayar musu ya gaya musu mutanen Yauri sun gaishe su. Dillalin ya kwashe katan-katan ɗin da suka gaza yana gunaguni. Kayan da ya kawo bayan nan sun fi dama, ko da yake ba duka ba. Waɗanda suka gaza takan ware su cikin wani babban daro a bakin ƙofa ta rage musu farashi, kuma sukan riga sauran ƙarewa.

Daga nan kujerar ta zama ta Baba. Da ya karya kumallo sai ya saɓi jakarsa ya ce wa Inna ya tafi aiki. Ba a biyansa komai, sai ruwan sanyi da hira. Tsofaffin fasinjojinsa daga Shanga da ƙauyukan ƙetare, in sun shigo gari, nan suke samunsa, a auna musu suga a kuma yi labarin shekarun da ruwa ya yi cika.

Ana saura kwana kaɗan hutuna ya ƙare, ya dawo gida da wuri, fuskarsa da damuwa. Ya ajiye ledar garin alkama a gaban Inna ya ce an samu matsala. Wannan ta wuce kilo.

"To ai sai ka gode Allah," in ji Inna.

"Ba haƙƙina ba ne. Kilo na saya."

Ya ce ya yi wa mai kanti tayin ƙarin kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce ita ma ba nata ba ne, na kamfani ne. Yanzu yana tunanin ya ɗebe rarar ya ƙulle a takarda, in dillali ya zo ya ba shi ya mayar. Inna ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ɗauki ledar, ta yanke bakinta da wuƙa, ta ce in hura wuta.

"In sun zo nema, ka ce musu ni na tuƙa."

 Da tuwo ya sauka Baba ya auna rabonsa kamar kullum, ya ci da miyar kuɓewa da kifi, ya ce gobe zai tambayi liman.