Tsumman Iya Tsaf-tsaf

Shekara ashirin da shida Iya Tsaf-tsaf ta yi tana share gidan adana zane-zane. Ma'aikata ne suka laƙaba mata sunan, don ko darakta ne ya taka inda ta goge kafin ya bushe, sai ya sha harara. Ba ruwanta da wanda ya zana me. Zanen da take so guda ɗaya ne, a ɗaki na uku: wata yarinya a bakin taga tana ɗaure takalmi. Haka marigayiya autarta take sunkuyawa, har da cije leɓen. Autar ba ta bar hoto ko ɗaya ba, shi ya sa kullum da safe Iya take ce wa zanen, "Kin tashi lafiya, auta?"

Wata Litinin, ranar da ba a buɗe wa baƙi, ta tarar da ɗakin kaca-kaca. Firam ɗin zane huɗu a ƙasa ba komai a ciki, har da na yarinyar, ga sawun takalma, ga shatin yatsu a gilashi. Ta ɗauka masu gyaran zane ne suka kwashe, don sun saba, kuma ba sa share bayansu. Tana mita ta ɗebo ruwa da sabulu. Kafin awa guda ɗakin yana ƙyalli.

Sai da la'asar aka gane sata ce. Sufeton 'yan sanda ya zagaya ɗakin, ya leƙa bokitinta, ya dafe kai.

"Iya, har gilashin kika wanke?"

"Har shi, ɗan nan. Da datti zan bar shi?"

"Ai dattin nan ne kaɗai zai kai mu wurinsu."

Ba wanda ya ɗora mata laifi, kuma wallahi da sun zage ta da ya fi mata sauƙi. Shekara tara ba a kama kowa ba. Takan rufe ido ta nemo fuskar yarinyar, amma kowace shekara sai wani abu ya kuɓuce mata. Bana ta kasa tuna ko hagu take kallo ko dama.

Ranar da ta yi ritaya, darakta ya miƙa mata takardar yabo, ya karanta da ƙarfi cewa duk inda Iya ta bi da tsummanta, ko alamar yatsa ba ta bari. Aka yi ta tafa mata. Iya ta rungume takardar tana kuka, su kuwa suka ɗauka murna ce.