Allurar Umma Ta Daskare a Birmingham

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Moss Side a Manchester, ni da maiɗakina da mahaifiyata, wadda ta zo mana ziyara daga Kano. Shekarar ce council, wato hukumar gari, ta rage ma'aikata a ofishinmu. Na tsira da ƙyar, amma hutu a ƙasar waje ya fi ƙarfinmu. Shi ya sa muka yi hayar wani siririn jirgin ruwa mai ɗaki da kicin, a wani ƙauye kusa da Birmingham. Umma ta leƙa ciki, ta ce, "Wannan ai lungu ne aka ɗora a kan ruwa."

Jirgin nan, mai tafiya a ƙasa ma wuce shi yake. Wahalar tana wajen ƙofofin ruwa: ka sauka ka murɗa ƙarfe, ka sa baya ka tura ƙatuwar ƙofar katako, ruwa ya ɗaga jirgin, ka matsa gaba kaɗan ka tarar da wata. Ranar Juma'a da yamma muka ɗaure jirgi a tsakiyar Birmingham, tsakanin tsofaffin gine-ginen jan bulo da gidajen cin abinci. Na duba kuɗin kifi da dankali a ɗaya daga ciki, na dawo sumui-sumui muka dafa taliya.

Umma tana da ciwon suga, kullum sai ta yi allurar insulin. Safiyar Asabar maiɗakina ta buɗe firji za ta ɗauko sabuwar kwalba, sai na ji ta kira ni da wata irin murya. Ɗan firjin ya yi sanyi fiye da kima, kwalaben duk sun zama ƙanƙara. Insulin kuwa in ya daskare ya tashi aiki, ko ya narke ba a amfani da shi.

Na fita da gudu. A kemis na farko aka ce sai da takardar likita, Umma kuma baƙuwa ce, ba ta da GP, wato likitan unguwa da aka yi mata rajista a wurinsa. Aka kwatanta mini wani ƙaramin asibitin unguwa da ake ganin likita ba sai da appointment ba. Na taka har can, na tarar da ƙofa a garƙame, ciyawa har ta tsiro a bakinta. Wani dattijo da ke jiran bas ya ce tun bara aka rufe shi. Na buga layin neman shawarar lafiya, aka ce in jira, za a kira ni. Na yi wa Umma zancen sashen gaggawa na babban asibiti ta waya, ta ce ita ba za ta wuni a kan kujerar roba ba, lafiyarta ƙalau.

Na hau bas zuwa unguwar Small Heath, ko zan dace da wani kemis ɗin. Shagunan nama halal a jere, ƙamshin gasasshen kaza ya cika titi, ga dogon layin masu karɓar taimakon abinci a ƙofar wani masallaci. Ina cikin layi a kemis maiɗakina ta kira.

"Sugan ya ƙara hawa. Ruwa kawai take sha, ta ce dishi-dishi take gani. In ya sake hawa ambulance zan kira, I'm not waiting."

"Kira kawai, kar ki saurare ta, har yanzu ban samo wa Umma insulin ɗin ba," na ce.

Sai wata mata a bayana ta ce da Hausa, "Ɗan'uwa, yi haƙuri, na ji maganarka. Wane irin insulin Mama take yi?"

'Yar Jos ce, likita a unguwar Aston, ta fito cefanen abincin cocinsu na Lahadi. Na roƙe ta ta rubuta mini takarda a nan. Ta girgiza kai. "Ba na rubuta wa wadda ban gani ba. Mu je."

Na sanar da maiɗakina ta dakata da kiran ambulance, ga mu nan da likita, na zauna a motar da doyarta a kan cinyata. Kowace danja sai ta tare mu, ni kuwa idona na kan waya. Muka ajiye mota nesa, muka bi gefen ruwa da sassarfa. Ta tsallaka cikin jirgi, ta durƙusa ta gaida Umma, ta duba ta tsaf. Ta ce abin bai kai ga asibiti ba tukuna, amma saura ƙiris. Ta rubuta, na sheƙa kemis. Ba ta tafi ba sai da la'asar, da ta ga sugan ya fara sauka. Umma ta riƙe hannunta tana sa mata albarka har da iyayenta.

Lahadi ba mu je ko'ina ba. Umma ta zauna a bakin jirgi tana jefa wa agwagi burodi. Bayan an tashi coci likitar ta dawo da mijinta da kular gwate mai zafi, muka cushe a ciki gwiwa na gugar gwiwa.

Litinin muka kwance igiya, muka mayar da jirgi, muka kamo hanyar Manchester. Na koyi raba magani gida biyu in za a yi tafiya. Na kuma daina ɗauka cewa kowane asibiti da ke kan taswira yana nan a buɗe. A mota maiɗakina ta tambayi Umma me za ta ba mutanen Kano labari. Ta ce, "Zan ce musu na yi 'ya a Birmingham."