Pak Jumari da Teburin Ranar Juma'a

Ƙarfe shida da kwata babur ɗinsa yake shigowa ƙofar ma'aikatarmu ta gyaran jiragen ruwa da ke Tuas, can ƙarshen yammacin Singapore. Shekara talatin da huɗu kenan haka. Sai ya jingine shi ƙarƙashin bishiyar nan da tsuntsaye suka mayar masai, wadda kowa ke gudu, shi ya sa kullum yake samun fili. Ya rataye ledar shayinsa a ƙusa, ya buɗe ƙunshin shinkafar kwakwa da matarsa ta naɗe masa, ya ci rabi, ya bar rabi sai ƙarfe goma. Daga nan ya bi wayoyin walda ɗaya bayan ɗaya yana laluben inda roba ta tsage. Ba aikinsa ba ne. Akwai wanda aka ɗauka don haka, amma shi sai takwas yake zuwa, wuta kuwa tun bakwai ake kunna ta.

Sunansa Jumari bin Tukiman, mu Pak Jumari muke ce masa, wato Baba Jumari. Makon jiya ya yi ritaya a matsayin da ya shigo da shi, mai walda. Ni Seah Teck Leong, ko Ah Leong a bakinsa, wanda ya koya wa riƙe sandar walda, yau mutum arba'in ne a ƙarƙashina, kuma har ranar da ya tafi yana cikinsu. Jinjina na zo yi masa, amma kada in yaudare ku, akwai abin kunyata a ciki.

Ranar da na fara aiki ya duƙa ya dubi ɗinkin da na yi wa wani bututu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Ah Leong, wannan walda ce ko kaza ce ta bi ta nan da gudawa?"

"Ya riƙe ai, Pak."

"Ya riƙe a nan. A tsakiyar teku kai za ka je ka riƙe musu? Kankare ka sake."

Sau bakwai na kankare. A na takwas sai ya miƙo mini rabin shinkafarsa. Tsofaffin ma'aikata har yau suna ba da labarin wani jirgin dakon mai da sufeto ya duba ya ce lafiya lau, Pak Jumari ya buga guduma a jikin tankin ya ce shi bai yarda da wannan ƙarar ba. Aka yi ta masifa, mai jirgi yana kumfar baki saboda jinkirin kwana biyu. Da aka yanka, sai ga tsaga tsawon hannu a ciki. Sufeton aka yi wa takardar yabo, don shi ya sa hannu a rahoton.

Kamfaninmu yana tinƙaho da adalcinsa, kuma a takarda ba za ka kama shi da laifi ba. Fom ɗin neman ƙarin girma babu wurin hoto, babu wurin ƙabila ko addini. Basine, Bamalaye, Ba'indiye, kowa lamba ce. Mai son zama foman, wato shugaban ma'aikata, abu biyu zai kawo: satifiket na kwas ɗin kiyaye haɗari wanda bai wuce shekara ba, da sa hannun manya biyu da suka san aikinsa. Kowane babba mutum ɗaya tak zai sa wa hannu, wai don kada a yi son kai. Sanarwa kuma kwana biyar take yi a allo, kowa ya gani.

Hutun Juma'a ma daidai aka raba, awa biyu ga kowa. Musulmi su tafi masallaci. Mu Sinawa mu cika motar Mista Pang, manajan sashe, mu nufi wani shago a unguwar Jurong da ake yin miyar haƙarƙarin alade. Ba a taɓa hana kowa zuwa ba. To wa zai zo? Ko Mista Thevan, Ba'indiye ɗaya tilo a cikin manya, ba ya cin nama ranar Juma'a. A wannan tebur, ana tsotsar ƙashi ana zuba shayi, ake jin wane foman ne gwiwarsa ta gaji, wane ne zai bar aiki, wace kujera ce za ta buɗe wata mai zuwa. Kwas ɗin nan kuwa sai ka yi wata guda kana jiran gurbi. Kafin takarda ta hau allo, mu 'yan tebur mun gama kwas, mun kama manyan da za su sa mana hannu. Sauran su karanta ranar Litinin, su yi ta gudu kwana biyar a banza. Haka na zama foman ina da shekara takwas a aiki, Pak Jumari yana da goma sha huɗu. Na daɗe ina ɗauka ƙwazona ne kaɗai.

Pak Jumari bai yi boko mai zurfi ba, amma ya riga kowa gane inda ruwan yake bi. Bai kai ƙara ba, don babu dokar da aka karya. Abin da ya yi shi ne, duk Juma'a da rana, yana dawowa daga masallaci zai tare ni a bakin sito.

"Ah Leong, me alade ya ce yau?"

In yi dariya in faɗa masa. Kafin a tashi aiki labarin ya isa ga duk wanda ya cancanta, har Sinawan da ba a gayyata cikin mota. Ya ɗora tabarau a hanci ya taya mutum neman gurbin kwas. Ya tura masu kunya su je su gai da manya. "Ba roƙo na ce ka yi ba," in ji shi, "gaisuwa ce. So kake ya sa hannu wa mutumin da bai san fuskarsa ba?" Norliza, mace ta farko da ta zama foman a sashenmu, ta ce har ofishin Mista Thevan ya raka ta, ya ajiye guntun bututun da ta yi wa walda a kan tebur ya ce, "Ka dubi ɗinkinta kafin ka dubi ɗankwalinta." Na ƙirga mutum goma sha ɗaya da suka haye ta wannan hanya.

Kai ne ka yi wannan, Pak. Kai ne ƙofar waɗanda ba su da mota. Babu wanda ya sa ka, babu wanda ya rubuta, kuma cikin goma sha ɗayan nan babu wanda ya kama ƙafarka a walda.

Shi kansa sau uku ya nema, kullum sa hannu ɗaya yake samu, na Mista Thevan. Sauran manya suna yabonsa da baki, amma in ya je sai ya tarar an riga shi. Duk da haka bai taɓa barin satifiket ɗinsa ya mutu ba, shekara-shekara yake sabunta shi.

Shekara biyar da suka wuce aka ƙara mini girma na shiga cikin masu sa hannu. Pak Jumari yana da shekara hamsin da takwas a lokacin. Wata Juma'a Mista Pang ya ce foman na sashen bututu zai tafi. Irin wannan kujera sai a yi shekara shida ba ta buɗe ba, wato ga Pak Jumari ita ce ta ƙarshe. Manajan ya ɗaga tsinken cin abincinsa ya nuna Kok Wai, wani abokin wasansa da shi ma a hannun Pak ya koyi aiki.

"Ni zan sa masa ɗaya. Leong, kai za ka cika, ko?"

Kowa ya juyo yana kallona, ni kuma sabon shiga cikin manya, ina son a ce na iya zama da mutane. Na ce, "Ba damuwa, oga." Ko cokalina ban ajiye ba.

Da muka dawo Pak Jumari ya tare ni kamar kullum. Na ce masa yau hirar ƙwallo kawai aka yi.

Bayan mako biyar aka manna sanarwa. Da hantsi ya shigo ofishina, ya cire hular kwano, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Mista Seah, Thevan ya sa nasa. Naka ya rage."

"Pak, na riga na ba Kok Wai."

"Yau da safe fa aka manna takardar."

"Na sani."

"Yaushe ka ba shi?"

Na yi ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Sai ya ce, "Ranar da alade ya yi hirar ƙwallo?"

Na kasa ɗago kai. Ya ninke fom ɗin gida huɗu ya sa a aljihu. "To. Doka ce, mutum ɗaya ake sa wa." Ya mayar da hularsa ya koma bakin aiki. Wata guda bayan haka Kok Wai ne ke raba masa aikin safe.

Na ɗauka shi kenan tsakaninmu, har na canza hanya don kada in bi ta sito. Juma'a ta zagayo, sai ga shi a bakin ofis. Bai yi wasan da ya saba ba, ya ce, "Me aka ce yau? Ba don ni ba, akwai masu jira." Haka ya ci gaba da zuwa shekara biyar, ni kuma ban sake ɓoye masa ko kalma ba. Ban kuma taɓa ba shi haƙuri ba, kullum sai in ce mako mai zuwa.

A walimar sallamarsa an cika kantin cin abinci, an kawo shinkafar buriyani da kek. Wani darakta ya zo daga hedikwata, ya buɗe fayil ya karanta: "Shekara talatin da huɗu, bai taɓa neman muƙami ko sau ɗaya ba. Ga mutumin da ya wadatu da aikinsa." Ba ƙarya ya yi da gangan ba. Fom ɗin da bai cika ba ko rajista ba ya shiga, mayar wa mai shi ake yi, wai don kada a ɓata masa fayil. Aka ɗauki tafi. Pak Jumari ya sunkuya yana kallon farantinsa. Matarsa, Cik Rohaya, ta ajiye hannayenta a cinya ba ta motsa ba. Ni kuwa na tafa tare da kowa, kuma tun ranar abin yake ci mini rai.

To yau na gyara fayil ɗin a gaban jama'a. Ya nema. Sau huɗu ya nema, ya fi duk wanda aka ba cancanta, kuma na huɗun ni na hana shi.

Ku da kuke da tebur a wurin aikinku, ku duba wanda ba ya zama a kai, ku kai masa labari kamar yadda wannan mutum ya yi ta yi wa wasu. Kada ku ba da alkawari kafin kowa ya ji an buɗe ƙofa. Ku da ba ku da tebur, ku nemi irinsa ku riƙe, in kun haye ku waiwayo.

Na gode, Pak, da aikin da ka koya mini, da mutanen da ka ɗaga, da gaisuwar da ba ka daina yi mini ba. Ka yafe mini. Ga sa hannuna a ƙasan wannan shafi. Na san ya makara da shekara biyar, kuma babu ofishin da zai karɓe shi.

Seah Teck Leong